Ta Wace Ƙofa Ribar Za Ta Shigo?

Ku da ke wuni a rumfar cajin waya ta bakin tashar Bodinga, kuna latse-latse kuna cewa yanzu sayen hannun jari ya fi sayen ƙosai sauƙi, ku nake yi wa wanga rubutu. Na gwada faɗa muku da baki, ba ku bari in kai aya sai wani ya ce, "Kawu Garba, ai zamaninku ya wuce." To, ya wuce. Ni na fi ku sani, tunda jakar aikina ta daɗe a rataye jikin ƙusa. Aji huɗu na yi a firamare, don haka in kun ga harafi ya karkace ku miƙe shi da kanku, ku bar ni in faɗi abin da ke ci na.

Sana'ata kai wa mutane takardun hannun jari. Ban taɓa zama dillali mai lasisi ba. Dillalan suna Legas, wakilinsu yana Sakkwato, ni kuwa ƙafar wakilin ce. Sunansa Alhaji Sambo, Allah ya jiƙansa. Da shara na fara a ofishinsa, sai ya ga ba na ɓata hanya kuma ba na ɓatar da canji, ya ba ni babur da jakar fata. A cikin jakar akwai fom, da biro baƙi, da tawadar dangwale, da tsumma mai kananzir na goge yatsa, da leda biyu saboda damina. Kuna ganin dangwale ba aiki ba ne? Ku gwada ɗaukar yatsan mutumin da ya shekara arba'in yana riƙe hauya. Duk ya tsattsage, zane ba ya fita. Sai ya jiƙa hannun a ruwa, ya bushe, ka kama yatsan ka mirgina shi a hankali kamar mai naɗa tabarma. In ya dame, Legas su dawo da takardar bayan wata biyu, ka sake hawa babur.

Shekara guda Alhaji bai bar ni na yi wa kowa tallar komai ba. In kai, in kawo, shi ke nan. Kuma duk fom ɗin da na ajiye gabansa, kafin ya duba ko nawa mutum ya zuba, tambaya ɗaya yake yi mini.

"Garba, in ribar ta hito, ta wace ƙohwa za ta shiga gidanai?"

Da farko na ɗauka tsufa ne. Riba ai riba ce, in ta fito mai ita zai ji. Baba Dikko ne ya koya mini amsar, ba da niyya ba.

Baba Dikko manomin albasa ne a Dandin Mahe, mai fadama da injin ban-ruwa ɗaya. Wani ne ya sayar masa da hannun jarin banki tun kafin in fara aiki. Ran da na fara zuwa gidansa ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, ya shiga ciki ya fito da wata adaka ta ƙarfe, ya buɗe ta a gabana kamar mai nuna kayan gado. Ga takardar gona, ga satifiket ɗin hannun jari, ga wasu takardu masu kama da cak, guda bakwai, an naɗe su cikin ƙyalle fari. Ko lanƙwasa babu.

Na ce, "Baba, waɗanga fa?"

Ya ce, "Su na banki ka aiko min duk shekara. Ina aje su wuri guda, ko gara ba ta taɓa su ba."

Takardun riba ne. Kowace ɗaya kuɗi ce da ya kamata ya kai banki ya karɓa, kuma wata shida ne ransu, in sun wuce sun mutu. Shi kuwa ya ɗauke su kamar takardar gona, abin da ake ɓoyewa don 'ya'ya. Shekara bakwai yana cin bashin taki alhali kuɗinsa na kwance cikin ƙyalle. Ko da ya kai su a kan lokaci ma, ba shi da irin asusun bankin da ke karɓarsu. Wata tara na yi ina zirga-zirga tsakanin Dandin Mahe da Sakkwato kafin anka farfaɗo da su. Ran da kuɗin sunka shiga hannunsa ya ƙirga sau biyu, ya dube ni ya ce, "Ashe kai ɗan takarda na." Sunan da yake kirana ke nan har yau.

Daga nan na daina ganin tambayar Alhaji tsufa. Duk inda na je, Dingyadi ko Horo Birni ko cikin garin Shagari, kafin in ciro fom sai na tambayi mutum wane banki yake da shi, wa ke karanta masa wasiƙa, wane wata yake buƙatar kuɗi. Malaman makaranta suna so kafin Sallah. Manoman albasa suna so da kaka, lokacin dashe.

Sai shekarun hauka sunka zo. Kowa na saye. Mai shayi na saye, direba na saye, wasu har da bashi. Ni ma ina ta cika fom har biro na ƙarewa a hanya. Kuma dukanmu abu ɗaya muke saye, bankuna, bankunan ƙasa ɗaya. Manomin da ba zai taɓa yarda ya shuka gero zalla ba tare da ya sa wake a tsakani ba, wanda ke da gonar tudu kuma yana da fadama don in ɗaya ta ƙi ɗaya ta yi, shi ne ya kwashi kuɗinsa duka ya zuba wuri ɗaya. Ni na riƙe masa yatsa ya dangwala.

Shekarar da kasuwa ta faɗi, Alhaji Sambo ya kira ni ofis da hantsi, ya juyo mini da jaridar da ake buga farashi. Ba na karanta Turanci sosai amma ina karanta lamba. Abin da munka sayar naira talatin ya koma ƙasa da goma, kuma bai tsaya ba. Wata uku ban shiga kasuwar Shagari ba. Da na shiga, mutum huɗu sunka bi ni daga rumfar masu hatsi har inda na ajiye babur, ɗaya ya riƙe mini kan babur yana cewa in ba shi kuɗinsa tunda ni na karɓa. Alhaji ya rufe ofis kafin shekara ta zagayo. Na koma dakon albasa da babur ɗin, daga rudu, inda ake ajiye albasa bayan girbi, zuwa bakin titi.

Baba Dikko kaɗai na kai ƙafata gidansa da kaina. Na ce ya sayar ya tsira da abin da ya rage. Ya ce, "Ɗan takarda, manomi ba shi cin iri." Ya rufe adaka. Ɗaya daga bankunan da ya saya yanzu ko sunansa babu. Takardar tana nan cikin adakar, ko gara ba ta taɓa ta ba.

Na faɗi wanga ne don ku san ba na ƙin abin da kuke saye yanzu. Asusun nan da ke bin kasuwar duniya, wanda ba ya zaɓen kamfani ɗaya sai ya ɗebo kaɗan-kaɗan daga manyan kamfanonin ƙasashe da yawa, kamar mutum ya shiga kasuwa ya ce a auna masa tiya ɗaya daga kowace rumfa, da muna da shi a lokacinmu da ban yi dakon albasa ba. Abu ne mai kyau. Abin da ke hana ni zama shi ne yadda kuke sayensa, da yatsa ɗaya, kuna cin gyaɗa da ɗaya hannun.

Kakar bara ina gyaran ƙafar babur sai waya ta yi ƙara. Nura ne, ɗan Baba Dikko, ma'aikacin lafiya a Shagari. Yaro mai hankali, ba ruwansa da shiririta. Ya ce, "Kawu, Baba ya ce ka zo yau, ba gobe ba." Muryarsa ta nuna mini ba gaisuwa ba ce.

Na iske su a fadama, ba a zaure ba. Baba yana tsugune bakin fangalin da ya yayyafa irin albasa, iri ya yi kore shar, ya kai dashe. Injin ban-ruwa na gefe, tankinsa a bushe. Bai amsa gaisuwata har ƙarshe ba.

Ya ce, "Tambayi likita. Shi ka da labari."

Ga abin da ya faru. Shekara biyu kafin nan Baba ya sayar da shanu biyu da albasar rudu ɗaya. Nura ya ce kada a bar kuɗin a naira suna narkewa, a sa su a asusun duniya ta manhajar waya. Ya yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya bincika kamfanin manhajar na da lasisi. Ya zaɓi asusun da anka tace, babu masu giya, babu masu caca, babu masu cin ruwa, don ya san ubansa. Baba ya yarda da sharaɗi ɗaya, ribar ta riƙa zuwa da kaka ya sayi fetur da taki ya biya masu dashe. Nura ya ce za ta zo. Shekarar farko ba ta zo ba, yaron ya rufe da albashinsa bai faɗa wa kowa ba. A karo na biyu albashi ya makara, asiri ya tonu.

Na ce, "Iri kwana nawa?"

Baba ya ce, "Arba'in da biyu. In ya ƙara goma ya tsuhwa. Sai in dasa lawashi in girbe lawashi."

Wanda bai san albasa ba, ga abin da yake nufi. Iri in ya wuce kwanansa a fangali, ko ka dasa shi ganye zai yi ta yi, ba zai sa kai mai kyau ba. Noman rani na shekara guda ke nan, kuma da shi gidan ke ci.

Na ce wa Nura ya buɗe wayar ya karanta mini, da Hausa, layi-layi. Muna tsaye cikin rana yana karantawa ina tsayar da shi. Da munka zo wani layi na ce ya maimaita. Ya maimaita, sai ya gane. Asusun iri biyu ne, suna kusan ɗaya, kaya ɗaya ne a ciki. Ɗaya yana raba riba ya ba ka a hannu. Ɗaya yana haɗiye ribar ya ƙara saye da ita, ba ya ba ka ko sisi sai ran da ka sayar. Na biyun ya latsa, don shi ne a sama kuma shi abokansa ke yabo.

Na ce, "Baba, saniyar tatsa ka aike shi ya sayo, ya sayo maka garken da ba a tatsa."

"Kuɗɗin sun tahi ke nan?"

"Suna nan, har sun ƙaru."

"To su hito."

"Sai an sayar da wani abu a ciki."

Ya miƙe tsaye, ya karkaɗe riga. "A'aha. Ba ni sayad da uwa. Can da ka ce in sayar na ƙi, yanzu ma na ƙi. Gara in ci bashi."

Nura ya ce, "Baba, ai ba duka ba, kaɗan..."

"Kai yi min shiru. Kai da ka yi wa mutane allura, ka duba kwalba kahin ka tsira ko sai bayan ka tsira?"

Yaron ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na san bashin da yake magana. Mai ba da taki a lokacin dashe ba ya karɓar kuɗi, albasa yake karɓa ran girbi a farashin ran girbi, lokacin da take arha kamar ƙasa. Wanda ya shiga wurin rabin rudunsa ya tafi.

Na zauna kan kunya na ce, "Baba, shanunka da ke wurin Fulani a Horo Birni, in saniya ta haihu, ina maraƙin yake zama?"

"Cikin garke mana."

"In ka sayar da maraƙin, ka sayar da uwa?"

Ya dubi iri. Can ya ce, "Nuna min maraƙin."

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ku ke faɗuwa. Nura ya yi maza ya nuna lambar da ke saman waya, da naira, ta kusa ninka abin da anka zuba. Ya ce duk wanga ƙari riba ce. Na ce ya mayar da ita dala. Ya mayar, sai ƙarin ya koma ɗan kaɗan. Kamfanonin nan ba da naira suke ciniki ba. Yawancin abin da ya gani ba saniya ce ta yi ƙiba ba, igiyar awo ce ta gajarce. In ka ɗebi wanga ƙari duka ka ci, ka yanki naman uwa kana cewa maraƙi ne. Munka ɗauki dalar da anka zuba ran farko, munka cire daga dalar yau, abin da ya rage na zana a ƙasa da tsinke don Baba ya gani da idonsa.

Ya ce, "Wanga kaɗai?"

Na ce, "Shi kaɗai."

"To a sayar da shi. Ko kunnen uwar kada a taɓa."

Nura ya latsa, ya ɗaga kai yana murmushi kamar an gama. Na ce ya zauna. Sayarwa daban, fitowar kuɗi daban. Sai cinikin ya tabbata can wurinsu, sai dalar ta faɗo cikin manhaja, sai a canza ta naira a farashin masu manhajar, ba farashin da kuke ji a rediyo ba, su cire nasu, sannan a turo banki. Ran Laraba munka sayar. Juma'a ta wuce, Asabar da Lahadi kasuwarsu a rufe. Kullum da safe Baba ya kira ni, ba sallama, "Ɗan takarda, arba'in da biyar." Washegari, "Arba'in da shida." Na kasa zama gida, sau uku ina hawa babur zuwa Dandin Mahe ba abin da zan yi in na je. Iri kuma ruwan guga ake ba shi, tsoho da jikokinsa.

Ran kwana na arba'in da tara kuɗin sunka shigo. Ba su kai abin da na zana a ƙasa ba, an gutsure su a hanya sau biyu. Sunka isa fetur, da masu dashe, da takin da zai ɗauki kashi biyu cikin uku na fadamar. Na ce a ƙara sayar da ɗan kaɗan a cike. Ya dube ni kamar na zagi ubansa. Kashi biyu anka dasa. Sauran irin ya kira maƙwabcinsa ya ce ya tuge ya kai gonarsa kafin ya lalace.

Bayan dashe munka zauna da Nura a zaure, wuni biyu, don a sake zaɓe. Abin da ya yi cikin minti biyu da farko. Na hana shi kallon lambar nan mai kore da ke nuna hawan farashi. Na ce ya nemo mini ko asusun na rabawa ko na haɗiyewa, in yana rabawa sau nawa a shekara kuma wane wata, don ribar da ta zo bayan dashe ba ta da amfani ga mai albasa. Sannan da wane kuɗi take zuwa. Nan munka daɗe. Ni dai ban samu wanda ke bin kasuwar duniya kuma ya turo naira kai tsaye asusun mutumin Shagari ba. Waɗanda munka gani dala suke zubawa cikin manhaja, bayan ƙasarsu ta cire harajinta, kai ka canza. In kun ga wanda ya ce yana biya da naira, ku tambaye shi wa ke canjin, a wane farashi, don wani ne ya yi maka canjin ya ɗebi ladansa, kuɗinka kuwa har yanzu suna can suna hawa da sauka da dala. Akwai kuma abin da suke cira duk shekara na kula da asusu, ɗan kaɗan ne a ido, amma ɓera ma kaɗan-kaɗan yake ci.

Abin da ya fi ɓata wa Nura rai shi ne da ya ga yawan ribar da masu rabawar ke bayarwa. Garken duniya na girma ne, nononsa kaɗan ne. Ko da tun farko ya latsa daidai, da ba ta isa takin fadamar ba. Alƙawarin da ya yi wa ubansa ba na cikawa ba ne tun ran da ya yi shi.

Sai munka raba. Kashi mafi yawa ya zauna inda yake, ba mai jiran komai daga gare shi. Wani kashi anka mayar asusun cikin gida da anka tace, mai biya da naira cikin bankin Baba, wanda zai iya cirewa a bakin kasuwar Shagari ya riƙe a hannu. Baba ya yarda da wanga don ba ci anka yi ba, sauya wa saniya turke anka yi. Ya sa Nura ya rubuta a takarda da ajami, wane wata, wane kuɗi, wane banki. Ya karanta da kansa, ya naɗe, ya buɗe adaka zai sa.

Na ce, "Baba, ba cikin ƙyalle ba."

Ya yi dariya har da tari. Ya sa ƙusa ya kafe ta a bangon zaure, inda duk mai shiga zai gani.

Albasar ta yi kyau inda anka dasa. Da girbi ya aiko mini da buhu bai cika ba, mai kawowa ya ce Baba ya ce kashi biyu cikin uku ne, in nemi cikon wurin likita. Ɗayan kashin fadamar haka ya ƙare rani, fangali a share, an yi kunya an gyara hanyar ruwa, babu ko tsiro ɗaya a ciki. Ni na san buhu nawa wurin ke bayarwa, Nura ma ya sani, don ta nan yake bi kullum in zai tafi aiki.

Wanda har yanzu ke cewa abin da sauƙi, ya same ni a tasha ran kasuwa in ɗauke shi mu je ya tsaya bakin wurin. Fetur nasa ne.